Badalar Kano da Alƙalamin Mai Raba Fili

Littafin tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908 kuma daga baya aka buga shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ake ƙiyasta mulkinsa tsakanin 1095 da 1134, shi ne ya fara gina ganuwar birnin, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa ta. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta a zamanin da ya gina gidan sarki ya kuma kafa kasuwar Kurmi. A farkon ƙarni na 17, lokacin Sarki Muhammadu Nazaki, Wambai Giwa ya sake turo ta yamma, ta wajen Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga har Kansakali. Duk mai bin wannan jerin sunaye zai lura cewa badala ba aikin sarki ɗaya ba ce, kuma ba ƙarfin yumɓu ne ya tsayar da ita kusan shekara 800 ba. Hukuma ce ta tsayar da ita, hukumar da take da ikon cewa nan a yi gini, nan kada a yi, nan kuma kowace shekara a zo a yi yaɓe. Ranar da wannan iko ya bar hannun masu ganin ƙimar ganuwa ya koma wani hannu, ranar ta fara mutuwa. Saboda haka ni a ganina makomar abin da ya rage na badala, da na sauran wuraren tarihi irinta a ƙasar Hausa, tana kan teburin ma'aikatar ƙasa da safiyo da hukumar tsara birane, wato wurin da ake sa hannu a takardar fili da izinin gini. Gidan adana kayan tarihi yana iya kuka, amma alƙalamin ba a hannunsa yake ba.

Ganuwar da kakanni suka bari ita kanta tsarin gari ce, tun kafin a san wani ofishi mai wannan suna. Clapperton, wanda ya shigo Kano a 1824, ya ƙiyasta kewayenta kusan mil 15, ya kuma ƙirga ƙofofi 15. Barth ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin wajen mutum 30,000, adadin da yake ninkawa a lokacin fatauci. Abin da ya ɗauki hankalin su biyun shi ne gidaje ba su cika cikin ganuwa ba. Jama'a sun taru a kudu maso gabas, sauran kuwa gonaki ne da makiyaya da fadamar Jakara da duwatsun Dala da Goron Dutse. Da gangan aka bar wannan sarari: in abokan gaba sun yi wa birni zobe, mutanen karkara su shigo da dabbobinsu, a sami abin ci da abin sha. Kududdufai, waɗanda aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, su ne suke shanye ruwan damina. A bayan ganuwa akwai rami da sarƙaƙiya, ta ciki akwai sararin da dakaru suke zirga-zirga, kuma babu mai jingina ɗakinsa da ita. Kowace ƙofa tana da sarkin ƙofa, ana rufe ta da dare. In damina ta wuce aka yi girbi, sai a raba gyaran ganuwa ga masu sarauta, kowa ya kawo mutanensa ya yaɓe kasonsa. Bai kamata a yi wa wannan aiki kwalliya ba, domin mafi yawan guminsa na bayi ne da talakawan da ba su da ikon ƙi. Amma sakamakonsa shi ne abin da Lugard ya tarar a 1903, har ya rubuta a rahotonsa cewa kewayenta mil 11 ne, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta wajen ƙafa 40, kuma ya ce bai ga irinta a Afirka ba.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Kanar Morland suka karya birnin da igwa, aikin ganuwa na yaƙi ya ƙare. Da bauta ta gushe, aikin tilas ya ragu, yaɓen shekara-shekara ya tsaya, ruwan sama ya fara cin rabonsa. Duk da haka ganuwar ta daɗe a tsaye bayan zuwan Turawa, kuma dalilin yana da muhimmanci ga wannan magana. Turawa sun kafa nasu gari a waje, a Nasarawa da Bompai. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, kantuna da ɗakunan ajiyar gyaɗa suka taru kusa da tasha, aka kafa Sabon Gari domin baƙi. Dokar garuruwa ta 1917 ta kula da wannan sabon yanki ne, birni kuwa aka bar shi a hannun En'e. Ke nan matsin neman fili ya karkata waje, cikin birni kuma ƙasa tana hannun sarki da hakimai da masu unguwanni, mutanen da suka gaji sanin cewa jikin badala ba wurin gini ba ne. Ko da mota ta zo tana neman hanya a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, hudawa aka yi aka buɗe Sabuwar Ƙofa, aka bar tsofaffin ƙofofin da ke kusa da ita a yadda suke. Wannan shawara ce ta mai tsara gari wanda ya san abin da yake hannunsa.

Daga nan dokoki suka rabu gida biyu, kuma a tsakaninsu badala ta faɗa. A gefe guda akwai dokar kayan tarihi ta 1953, sannan doka mai lamba 77 ta 1979 wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa. A ƙarƙashin wannan tsari aka sa Gidan Makama da ganuwar Kano da ƙofofinta cikin jerin kayan tarihin ƙasa, waɗanda taɓa su laifi ne. A ɗaya gefen akwai dokokin ƙasa: sanarwar 1910 da ta sa filayen Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, dokar mallakar ƙasa ta 1962, sannan dokar amfani da ƙasa ta 1978 wadda ta damƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya riga ya rushe En'e, ya zare hannun sarauta daga rabon fili. Sai aka wayi gari hukumar da aka ɗora wa tsaron ganuwa ta tarayya ce, tana da suna a takarda amma ba ta raba ko taku ɗaya na ƙasa, mai raba ƙasar kuma babu abin da ya tilasta masa ya tambaye ta. An yi ta zana taswira, tun daga dokar tsara gari ta 1946 har zuwa shirin Trevallion na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, an kuma yi ta sauya wa hukumar tsara birnin suna har aka zo kan KNUPDA. Gwamnatin soja ta yi yunƙurin ɗinke ɓarakar a 1992, da doka mai lamba 88, wadda ta umarci ofisoshin ba da izinin gini su tattara jerin gine-gine masu tarihi, kuma kada a rushe ko a sauya su sai da izini. Amma a 2003, a shari'ar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Hukuncin yana da hujjarsa a tsarin mulki, sai dai ma'anarsa ga badala ita ce babu mai iya kare ta da gaske sai Majalisar Dokokin Kano da gwamnan Kano.

Yadda ganuwa take ɓacewa ba ya buƙatar bincike mai zurfi, kowa yana gani. Mai neman ƙasar gini ya zo da jaki ko tifa ya kwashi gindinta. Unguwa ta mai da ramin bayanta juji. Wani ya kafa rumfa, rumfa ta zama kes, kes ya zama shagon bulo, bayan shekaru a ga mai shi riƙe da takarda mai hatimi. Wani wurin ma ba a bi wannan doguwar hanya, fulotai ake yankawa kai tsaye a raba. Ƙofofi kuwa titi ne ya ci su. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa hanya, aka maye gurbinta da ginin siminti, kuma ba ita kaɗai aka yi wa haka ba. Gadar sama ta hau kan Ƙofar Nasarawa, aka haƙa hanyoyin ƙarƙashin ƙasa a Gadon Ƙaya da Kabuga. Rushe Na'isa ya zo ne shekara uku kacal bayan Nijeriya ta miƙa wa hukumar UNESCO sunan ganuwar Kano, tare da Dala da Kurmi da gidan sarki, a jerin wuraren da take fatan a amince da su a matsayin gadon duniya. Har yau suna jerin jira, kuma wurare biyu ne kawai ƙasar ta samu shiga da su cikin gadon duniya, Sukur a 1999 da kurmin Osun na Osogbo a 2005. Wanda yake zaton sa suna a jeri ya isa kariya, ya tuna da gidan Ilojo Bar na Legas: tun 1956 yake cikin kayan tarihin ƙasa, aka rushe shi a Satumba 2016 a tsakiyar birni.

Hujja mafi nauyi da ake kawowa ita ce ta jama'a. Birnin da Barth ya ƙiyasta da dubu 30 yanzu miliyoyi ne, mutane suna neman wurin kwana da wurin sana'a, motar asibiti tana neman hanya, ina dalilin fifita tudun ƙasa a kan ɗan Adam? Ba na raina wannan tambaya, kuma duk mai son tarihi da ya raina ta ya cancanci a ƙi sauraronsa. Amma a auna abin da aka samu da abin da aka rasa. Ganuwa siririn zare ce a jikin birni, ko an baje ta gaba ɗaya filin da za a samu ba zai rage ƙarancin gidaje a Kano da komai ba, domin birnin ya daɗe da mamaye Kumbotso da Ungogo, kuma can ake buƙatar shimfiɗa fulotai masu titi da ruwa a madadin awon igiya. Gaskiya ne akwai talakawan da suka raɓa gidajensu a jikinta, amma a bakin manyan tituna, inda fili yake da tsada, abin da ya hau kanta shaguna ne da manyan kantuna da gidajen mai. Dukiyar kowa ce ta koma aljihun ɗaiɗaikun mutane. Game da titi, ba a taɓa tilasta wa injiniya ya bi ta tsakiyar tsohuwar ƙofa ba, yana iya huda ganuwa a gefe ya bar ƙofar ga masu tafiya a ƙasa, kamar yadda aka yi da Sabuwar Ƙofa. Ƙasar Sin ta gwada hanyoyin biyu. A Beijin masanin gine-gine Liang Sicheng ya roƙi a bar ganuwar birnin a mai da kanta wurin shan iska, aka ƙi, aka rushe ta a shekarun 1950 da 1960 aka shimfiɗa titi da layin dogo na ƙarƙashin ƙasa, cunkoso kuma bai ƙare ba. Birnin Xi'an ya bar tasa, wadda ta kusa kilomita 14, aka huda mata mashigai, kuma yau tana cikin abin da yake kai baƙi garin. Sannan akwai asarar da ba ta shafi yawon buɗe ido ba ko kaɗan. Alƙalamin da ya raba jikin badala shi ne ya raba kududdufai aka cike su aka yi gini, ruwan da suke shanyewa kuma bai daina sauka ba, gidajen mutane yake shiga. Mai kare ganuwa da ramukanta da kududdufai yana kare talakan cikin birni ne daga ambaliya, ko da bai damu da Gijimasu ba.

Hujja ta biyu ta fi taɓa zuciya: ginin ƙasa yana faɗuwa, kuma yana kisa. A Agusta 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, ya rufta a kan masallata ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. Bayan irin wannan rana yana da wuya a tsaya ana yabon tubali da azara. Amma darasin da ke ciki shi ne ginin ƙasa ba ya yafe sakaci. Yana son a duba shi kowace shekara, a kau da ruwa daga gindinsa, a toshe tsaga tun tana ƙarama. A Jenne ta ƙasar Mali mutanen gari suna fitowa kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu. A Agadas, wadda tsohon garinta ya shiga jerin gadon duniya a 2013, hasumiyar ƙasa mai tsayin mita 27 tana tsaye saboda akwai magina da suke hawa su gyara ta, akwai kuma ƙa'idar abin da za a iya ginawa a kewayenta. Kano tana da Sarkin Magina da zuriyar masu sanin makuba da katsi, abin da babu shi ne kasafin kuɗi na dindindin da zai maye gurbin aikin tilas na da. Ban ce a sake tayar da ganuwa mil 11 ba, wannan ya wuce, kuma katangar siminti da aka shafa wa jan fenti ba badala ba ce. Abin da yake yiwuwa shi ne a riƙe guntayen da suka rage da ƙasar asali, a bar layin da ta bi a buɗe ko inda ta baje, a dasa itatuwa a kai, domin yaro ya iya bin sawunta ya gane girman birnin da aka haife shi a ciki.

Akwai kuma masu cewa ofishin tsara birane shi ne ya yi ɓarnar, don haka ba shi za a ba amana ba, gwamna mai zuciya ake buƙata da katafila. An gwada wannan a Yuni 2023, lokacin da sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta shiga rusau, ta baje shagunan Filin Idi da wasu gine-ginen da aka yi a filayen jama'a, ta sa jan fenti a wasu na gefen badala, har ta ce za a yi amfani da ɓaraguzan wajen gyaran ganuwa. Da yawa sun yi murna, kuma ana iya fahimtar dalilinsu. Sai dai masu shagunan suna riƙe da takardun da gwamnatin da ta gabata ta ba su, kuma a Satumba na shekarar Babbar Kotun Tarayya a Kano ta umarci jihar ta biya 'yan kasuwar Filin Idi diyyar naira biliyan 30. Ko mutum yana goyon bayan rusau ko yana adawa da shi, lissafin ɗaya ne: wannan gwamna ya raba, wancan ya rushe, baitulmali ya biya, ɗan kasuwa ya yi asara, kuma babu abin da zai hana na gaba ya sake rabawa. Kariyar da ta dogara da halin mutum ɗaya tana ƙarewa ranar da ya sauka. Cewa ofishin tsara birane ya yi kuskure a baya hujja ce ta a ɗaure hannunsa da doka, domin ko an so ko an ƙi ta ƙofarsa kowane gini yake shigowa.

Ƙasashen da suka yi nasara a wannan fanni ta nan suka bi. Faransa ta kafa doka a 1943 cewa duk ginin da za a yi a cikin mita 500 daga wani ginin tarihi, in ana hango su tare, sai jami'in kula da kayan tarihi ya amince. Ingila ta saka jerin gine-ginen tarihi a cikin dokar tsara gari ta 1947, ta ƙara da unguwannin da ake karewa dungurungum a 1967, ta yadda mai neman izinin gini ba ya iya kauce wa tambayar. Mita 500 ba za ta yiwu a cikin birnin Kano ba, amma asalin dabarar za ta yiwu. Majalisar jiha ta yi doka da za ta sa a auna abin da ya rage na ganuwa da ƙofofi da Dala da Goron Dutse da karofin Ƙofar Mata da sauran kududdufai, a zana iyakarsu da tazarar da za a bari, a buga taswirar a gazet, a kuma shigar da ita cikin kwamfutar rajistar filaye yadda takardar mallaka ba za ta fita a kan wurin ba. Izinin gini a kusa da iyakar kada ya fita sai da rubutaccen ra'ayin hukumar kayan tarihi da na masarauta, a kuma manna buƙatar a fili mutanen unguwa su gani kafin a yanke. Duk takardar da aka bayar saɓanin haka ta zama banza tun daga tushe, jami'in da ya sa hannu ya amsa da kansa. Wanda ya riga ya yi gini da takarda ta halal, in dole sai ya tashi, a biya shi kafin katafila ta iso.

Maganar ba ta tsaya a Kano ba. Ganuwar Zariya da ta Katsina sun bi hanya ɗaya. Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya gina wa daular Kabi a ƙarni na 16, wanda yanzu yake cikin jihar Sakkwato kuma ya shiga jerin jiran UNESCO tare da Kano a 2007, ganuwarsa ta dutse ta tsira ne saboda yana daji, inda fuloti ba shi da kuɗi tukuna. Ƙananan garuruwa ne suke da damar da manya suka rasa. A ƙasar Zuru akwai kufai a kan duwatsu, da tsofaffin maƙabartu na Dakarkari masu tukwanen kabari da aka ƙera da siffofin mutane da dabbobi, waɗanda da yawansu suka riga suka ƙare a hannun masu tara kayan tarihi a Turai. Garuruwa irin su Zuru, da Dirin Daji a ƙaramar hukumar Sakaba, suna faɗaɗa, kuma rashin tsaro ya ƙara turo mutanen ƙauye cikin gari suna neman matsuguni. A irin waɗannan wurare aikin bai wuce safiyo ya zauna da dagaci da dattawan da suka san wuraren ba, su nuna masa kufai da maƙabarta da kurmin da ba a sara, ya kafa duwatsun iyaka ya shigar da su taswirar ƙaramar hukuma da ta jihar Kebbi kafin dillalan filaye su ja igiya. Kuɗin wannan aiki a masarauta guda bai kai ko kusa da diyyar da kotu ta yanke a kan shagunan Filin Idi ba.